Ƙafar Da Ta Riga Taya

Ni na fara ganin abin nan kafin kowa, ni da maciji ya sara sau biyu a dajin Bandama ban mutu ba.

Ranar tseren motoci, wani bakanike ya tunkaro kwanar gonar kokona da tsohuwar Fijo, wadda in ta daki itace ba shi da wata. Tun kafin ranar, masu hali sun zagaye hanyar da mota sun rubuta kowace kwana, shi kuwa kuɗin man zagayen ya gagare shi. Matarsa na gefe, littafi a cinya.

"Rage wuta, maigida. Bayan rimin can ruwa ya cinye hanya. Bi hagu."

"Ke da kika yi kwana tara a gidan innarki, ina kika sani?"

"Tuƙi aka ce ka yi, ba tambaya ba."

Ya bi hagu, ya wuce tsadaddun motoci biyu kwance a rami.

Na goma sha ɗaya suka zo, mota lafiya. Yana cikin cika baki ta zauna ta cire takalmi. Ya ga tafin ƙafarta duk ya fashe. Ya durƙusa yana wanke mata da ruwan da ya tanadar wa lagireton motar.

Ba gidan inna ta je ba. Kwana tara ta yi tana taka dajin, tana ƙirga taku tana rubutawa. Ni na ba ta gasasshiyar ayaba a rana ta huɗu. Mai musu ya zo ya taka hanyar da ƙafarsa, ina nan a kwanar ina jiransa.