Ramin Ƙarfe Ɗaya da Rabi

Wani ma'aikaci ya miƙe gaban shugabar kamfaninsu, ordinatar, wato kwamfuta, a hannu, yana jin kansa masani. Mako uku ya yi yana koya wa kansa nazarin bayanai ta bidiyo, don kada wannan sabon kamfani mai kai wa mutane cefane daga kasuwar Petit Marché ya sallame shi.

"Hajiya, na gano babbar matsala," ya ce, yana nuna wani rami a zanensa na yawan ciniki. "Duk Juma'a, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, masu saye sukan ɓace mana. Ina zargin wani kamfani ke kwashe su."

Ta dubi zanen, ta dube shi.

"Kai ina kake zuwa a wannan lokacin?"

Ya rufe ordinatar a hankali.

"Masallaci, Hajiya."