Taka, Riƙe, Saki

Baba yana kwance ƙarƙashin tsohuwar motarsa Fijo a ƙofar gidanmu a unguwar Bromakoté, ni kuma ina kujerar direba, na zamo ƙasa don ƙafata ta kai feda. Birkin baya ya yi sanyi, da safe saura kaɗan ya bi ta kan wata mai sayar da aceke, dambun rogo, a unguwar Treichville. Ya buɗe tayoyin baya, ya goge ƙura, ya ƙara ɗaure birkin. Saura fitar da iska daga man birki, aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa.

"Uwata, taka!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Riƙe. Kar ki saki sai na ce."

Na riƙe. Warin man birki ya cika mini hanci. Can muryarsa ta fito daga ƙasa: "To, saki."

Shekaru sun wuce. Shekaranjiya aka binne shi. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Yau a fitilar hanya na taka birki. Kore ya kama, motoci suna ta danna mini oda, ƙafata tana kan feda. Ba wanda ya ce in saki.