Na'ura Mai Gulma

Mutum ashirin da tara Auta ta ɗaura wa na'urar auna jinin ƙwaƙwalwa, saura ɗaya binciken digirinta ya cika, ga shi gobe za a mayar da ita inda aka aro. Sai ta lallaɓo mahaifinta, tsohon direba, ya iso ɗakin gwaji da jarida a hammata kamar kullum.

"Cike min takardar rajistar nan, idona ya gaji," in ji shi.

Aikin ba wuya. Ana ɗaura wa mutum ɗamara a ka, 'yan na'urori biyu su manne kusa da kunnuwa suna auna gudun jinin da ke shiga kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa. In harafi ya fito a allo, sai mutum ya yi ta lalubo kalmomin da suka fara da shi a zuci. Nan take jini ya ƙaru a ɓangaren hagu, mai kula da magana. Na dama kuwa sai an zo kallon siffofi yake tashi.

Harafi ya fito. Baba ya ƙura ido, ya haɗe gira, yana gyaɗa kai irin na manya. Na hagu ko gezau. Na dama ne ya tashi.

Auta ta sake duba allon. In na'urar ce ta lalace, malaminta, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, zai ce duk sakamakon baya ma shara ne, wahalar shekara biyu ta tafi a banza. Ta canza waya, ta gyara ɗamarar, ta sake gwadawa. Na dama dai.

"Baba, kana tunanin kalmomin kuwa?"

"Ke, ni za ki koya wa tunani?"

Kamar ta fashe da kuka. Cikin takaici ta faɗi harafin da baki, da ƙarfi. Sai na hagu ya yi sama kamar an buɗe famfo.

Ta dubi allon, ta dubi Baba.

Ya kwance ɗamarar a hankali, ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Na'urarki ƙalau take, gulma ce ta yi mata yawa. In kika gaya wa yayyenki, ba ni ba ke."

Ashe mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe takardun jarrabawarsu yana tsaki, su kuma suna rawar jiki a gabansa, bai san ko harafi ɗaya ba, fuskokinsu kawai yake karantawa.