Kafin A Kira Magariba

Filin ƙwallo ɗaya ne a bayan garejojin unguwar Sultana, ƙungiya biyu ke son sa: ɗaliban Hausawa da ɗaliban Sudan. Ƙa'idar tsohuwa ce. Wanda ya fara cin uku ya karɓi filin har ƙarshen zango. In aka kira magariba ba a kai uku ba, mai fili ya riƙe abinsa.

'Yan Sudan ke riƙe da shi, kuma sun iya jan lokaci. Wannan ya ɗaure takalmi, wancan ya kwanta riƙe da ƙafa, har lasifikar masallacin unguwa ta katse wasan. Sai a ruga alwala, a cika sahun baya a raka'ar ƙarshe, ana haki. Tarbiyyar ke nan.

Wata la'asar wani dattijo, Baba Sabo, ya tsaya bakin filin ya ce shi zai koyar da su. Shu'aibu, kyaftin ɗin Hausawa, ya amince nan take.

Koyarwarsa ɗaya ce: kada a tsaya. Ƙwallo ta fita, a jefo ta. An kayar da kai, ka tashi ka buga kafin su jeru. Ba shawara, ba gardama da alƙali.

"Maza! Yalla, maza!"

Issoufou, mai tsaron gida, ya ce ba za ta yiwu ba. "Wallahi Shu'aibu, wannan bai san ƙwallo ba. Mai gadi yake ce mini! Ana wasa, shi inuwar katanga yake kallo."

"Ka kawo masani, mu ci gaba da zama ba fili," in ji Shu'aibu. "In aka ci mu da Baba, na sauka daga kyaftin."

Ranar karawa Hausawa suka shiga kamar an koro su. Kafin 'yan Sudan su gama gyara safa an zura musu biyu. Sai numfashi ya ƙare wa yaran, aka rama duka biyun.

Baba Sabo bai taɓa ihu irin na ranar ba. Ya yi ta yi har muryarsa ta dishe, ruwan ɗumin da yake kurɓa a gorarsa bai gyara ta ba.

Rana ta yi ja. Wani ɗan Sudan ya kwanta riƙe da ƙafa. Baba ya dubi katanga, ya naɗe gorarsa a rawani, ya juya ya tafi da sauri.

"Ga kocinka can," in ji Issoufou. "Ya gudu."

Shu'aibu bai ko waiga ba. Aka kayar da shi a gefen raga. 'Yan Sudan suka taru kan alƙali suna musu. Shi kuwa ya miƙe da jini a gwiwa, ya dasa ƙwallo, ya buga kafin su jeru.

Uku.

Ihun bai gama fita bakinsu ba lasifika ta yi ƙara. Ba a jinkirta kiran ba, ko da na numfashi ɗaya. Yaran suka tsaya cak suna kallon juna, domin yau muryar ladanin a dishe take.