Ɓarawon Ranar Juma'a

Wani sashe na labarin nan ya zube mini. Na manta wanda ya ba ni shi, na manta ko a Nima na ji shi ko a Sabon Zongo, don ƙafata ta yi yawo, kaina kuma ya fara yoyo. Ga dai abin da ya rage.

Akwai wani malami a unguwar Maamobi, Malam Issaka, wanda ya gaji littattafan mahaifinsa na rubutun hannu. Shekarar da babbar kwatar Nima ta cika ta shiga gidaje, ruwa ya mayar da su kunu. Allah ya sa 'yarsa Shamima, mai aikin ofis a Adabraka, ta riga ta ɗauki hoton kowane shafi ta adana a wani asusu na intanet, wanda ba ya buɗuwa sai an buga kalmar sirri. Duk duniya babu inda rubutun marigayin ya rage sai can.

Shamima ta ce ya rubuta kalmar ya ɓoye. Ya ƙi. A gidansu ba a rubuta asiri, kuma duk asirin da wani ya sani ban da mai shi ya tashi daga aiki, sai a sake wani. A kan haka ya tashi. Sai ta riƙa yi masa bitar kalmar kamar hadda, har ta zauna masa.

Wata Juma'a bayan la'asar ya buga kalmar, asusun ya ƙi buɗewa. Yana cikin sake gwadawa Shamima ta shigo da wayarta a hannu. Saƙo ya zo mata cewa an canza kalmar sirri.

"'Yan sakawa ne, Baaba," in ji ta. "Yaran nan masu damfara. Kada ka damu, lambar wayata tana cikin asusun."

Da lambar tata ta ƙwato asusun, ta sa sabuwar kalma mai tsawo, suka koma bita. Juma'a ta zagayo, aka sake canzawa.

Wannan karon ta bincika sosai. Da ta gama, ta ɗago kai.

"Baaba, ba daga nesa ba ne. Da wayarka aka yi."

Wayar nan kuwa a aljihun ƙirjinsa take wuni, ƙarƙashin babbar riga. Da ita yake tafiya masallaci, da ita yake dawowa. Ya ciro ta ya duba. Gilashin tas, babu ko zanen yatsa, kamar mai taɓawar ya goge sawunsa. Ya kai ta hanci, ya ji ɗan warin sifirit irin na asibiti. Sai ya ajiye ta a kan buzu a hankali, ya matsa baya.

Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. A sahu yana salla, rabin zuciyarsa na kan aljihu. In mutum ya gogi kafaɗarsa a tashar motocin haya na trotro, sai ya dafe ƙirji. Ya karanta duk abin da ya sani na tsari, ya tofa wa wayar. Juma'a ta zo, ya dawo gida a makare, a gajiye, hannunsa bai bar aljihu ba. Amma an canza. Gilashin tas.

Mutum zai iya tsare ƙofa. Yaya zai tsare abin da ke shiga tsakanin rigarsa da fatarsa?

Ran nan Shamima ta kawo masa koko, ya dube ta ya daɗe.

"Ban da ni, ke kaɗai kika san kalmar."

"Ni, Baaba? Ni da na durƙusa na ɗauki hotunan?"

Ta ajiye kofin ta fita, mayafinta a kan ido.

Juma'ar da ta biyo baya saƙo biyu suka zo mata. An canza kalma. An kuma cire lambarta daga asusun. Babu sauran hanyar ƙwato shi.

Malam Issaka ya zauna yana gwadawa. Sunan mahaifinsa. Sunan garin da kakansa ya baro da fatake. Wayar ta gargaɗe shi cewa in ya ci gaba da kuskure za a kulle. Ya rufe ido ya nemi shafin farko na littafin mahaifinsa a ka. Layin farko ya zo. Na biyu bai zo ba.

Nan labarin ya yanke mini. Amma warin sifirit ɗin ya tsaya mini a rai, don masu gyaran waya ne ke goge gilashi da shi. Sai na bi rumfunansu da ke hanyar masallaci ina tambaya, har na iso wurin wani mai suna Hudu. Na ba shi labarin kamar yadda na ba ku. Ya saurara, bai katse ni ba.

"Akwai tsohon da ke zuwa nan in an sauko Juma'a," in ji shi. "Sai ya ce wani ya san kalmarsa, a sake. Ni in buɗe masa wurin, in juya baya, ya buga da hannunsa. In goge masa gilashi ya wuce. Wancan satin ya ce ɓarawon a cikin gida yake, in cire lambar 'yarsa. Na ba shi haƙuri, ya ƙi."

Na ce, "Wane tsoho ne wannan, ɗana?"

Hudu ya dube ni ya daɗe. Sannan ya jawo kujera, ya goge ta da hannun rigarsa.

"Zauna tukuna, Malam Issaka," in ji shi a hankali. "Yau ma ai ba Juma'a ba ce."