Layi Biyu a Takardar Likita

Takardar da likita ta ba mu, mai lissafa alamomin ADHD, wato larurar rashin natsuwa da ke damun 'yarmu, ta ɓace daga jikin firij. Babanta na zarga, shi da ya ce, "Wace larurar rashin natsuwa? Sangarta ce!"

Na same shi a shagon ɗinkinsa.

"Ka yaga ta, ko?"

Bai ɗago ba. Ya ciro ta daga durowar keke. Ƙarƙashin kowace alama ya ja layi biyu.

"Na farkon nata ne," in ji shi.

"Na biyun fa?"

Ya dubi tulin rigunan da ya fara bai ƙarasa ba.

"Nawa ne. Ni bulala na sha a kai. Ita ba za ta sha ba."