Marken Ɗantani

Ranar da labarin rasuwar Ɗantani ya iso, uwarsa Tabawa tana ƙulle sassaƙen marke da za ta aika masa Legas. Ƙusa kawai ya taka. Tun da ƙwayoyin asibiti suka daina ci, hukuma ke dasa wa kowane jariri bishiyar maganinsa, da sunansa a ƙarfe, ba mai taɓa ta wani. Ta Ɗantani tana bayan ɗaki, shi yana can Legas.

Bayan sadakar bakwai, malamin daji ya yi sallama, tare da wata mata goye da 'ya mai kumburarriyar ƙafa.

"Inna, sai haƙuri," in ji shi. "An mayar wa yarinyar nan bishiyar. Tata ta bushe."

"Ko arba'in ba za ku bari ya yi ba?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Inna, ba za ta kai arba'in ba."

Malamin ya zaro wuƙa ya nufi bishiyar. Tabawa ta karɓe wuƙar daga hannunsa. "Kawo, ɗan nan, kar ka illata ta. Ta gabas ake fara sassaƙa."

An sauya sunan. Har yau, kowace safiya, Tabawa kan kwaɓa laka ta shafe yankan, don bishiyar ta warke kafin yarinyar ta sake buƙata.